Ramukan Gefen Gona da Ƙudan da Ke Cikinsu

A kakar da ta wuce, a wani lambu da ke bakin kogin Binuwai kusa da Garwa a arewacin Kamaru, na tarar da wani dattijo yana tsiyaya kalanzir cikin wasu ƙananan ramuka da suka jeru a gefen kankanarsa. Na ce, "Baba, me suka yi maka?" Ya ce wasu ƙwari ne masu kama da zuma suke shiga suna fita, kuma yana tsoron kada su ci saiwar shukarsa ko su harbi jikokinsa. Ban ga laifinsa ba, domin mu malaman gona mun daɗe muna koya wa manoma yadda ake kashe ƙwari, amma ba mu cika nuna musu waɗanda ya kamata a bari da ransu ba.

Idan aka ce ƙudan zuma, hankalinmu yakan tafi ga wanda ke cikin amya ko kogon bishiya, ko kuma galla, wadda ita ma take tara ɗan zumanta. Masana sun ƙidaya ire-iren wannan dangi fiye da 20,000 a duniya, kuma kusan kashi 70 cikin 100 a ƙasa suke haƙa gidajensu. Akasarinsu ba su da sarauniya, ba su da runduna, ba sa yin saƙa, ba sa tara zuma. A ƙasashen Turai da Asiya da Amurka ta Arewa, wanda ya fi shahara shi ne jinsin Andrena, mai ire-ire kusan 1,500, wanda masu gonakin tuffa suke amfana da shi. A nan yankinmu danginsa ne suka fi yawa, irin su Lipotriches da Amegilla da Tetralonia. Don sauƙin magana, zan kira su duka ƙudan rami.

Mace ɗaya ce take yin aikin gidan gaba ɗaya. Tana neman wuri mai sarari wanda rana ke bugawa kuma ruwa ba ya kwanciya, sai ta haƙa rami mai faɗin fensir ko ƙasa da haka, ta turo ƙasar waje ta yi ɗan tsibi a bakinsa. A can ciki tana fitar da ƙananan ɗakuna, ta shafe bangonsu da wani maiƙo da ke fita daga jikinta don kada danshi ya ɓata abin da za ta ajiye. Daga nan sai ta yi ta zirga-zirga tsakanin furanni da ramin, tana kwaso garin fure a gashin ƙafafunta, tana kwaɓa shi da ruwan fure mai zaƙi har ya zama ɗan dunƙule kamar ƙaramin curin fura. A kan kowane curi tana saka ƙwai ɗaya, ta toshe ɗakin, ta koma na gaba. Tsutsar da ta ƙyanƙyashe ita kaɗai take cinye guzurinta, kuma a ire-ire da dama tana kwance a ƙarƙashin ƙasa tsawon rani, sai furanni sun dawo sannan ta fito da fukafukai. Saboda haka ramin da aka zuba wa kalanzir yau, 'ya'yan baɗi ne aka kashe a cikinsa. Ramukan sukan taru wuri guda don ƙasar wurin ta yi musu daɗi, amma kowace da ƙofarta, kamar maƙwabta a unguwa. Saiwa kuwa ba abincinsu ba ce ko kaɗan.

Amfaninsu ga manomi yana cikin wannan zirga-zirgar. Kabewa da kankana da guna da duma suna da fure namiji daban, fure mace daban, kuma in babu mai ɗauko garin daga wannan ya kai wancan, 'yar ƙwallon da ke gindin furen mace sai ta yi rawaya ta faɗi, ko ta girma a karkace. Tumatir da gauta da yalo suna riƙe garinsu sai an girgiza furen da ƙarfi, abin da Amegilla ke yi da rawar jikinta, wanda ƙudan amya bai iya ba. Mai noman irin albasa a wajen Marwa shi ma da ƙwari ya dogara kafin kan albasar ya cika da ƙwaya. Dawa da gero da masara da muskuwari, wato dawar rani, dai iska ce take yi musu barbara, don haka ba a kansu nake magana ba, ko da yake da sassafe ana ganin Lipotriches tana ɗibar gari a kansu.

Auduga da riɗi suna iya barbarar kansu, shi ya sa manoma da yawa suke ganin ba ruwansu da wannan batu. Wani bincike da aka yi a Burkina Faso, aka wallafa a 2017, ya nuna cewa da aka hana ƙwari kaiwa ga furanni, amfanin auduga ya ragu da kimanin kashi 37 cikin 100, na riɗi kuma da kimanin kashi 59, kuma cikin masu wannan aiki a kan auduga har da wata Tetralonia. Masu bincike a jami'o'in Ngaundare da Marwa sun shafe shekaru suna irin wannan gwaji a kan wake da riɗi da auduga a gonakinmu. A ganina, duk wanda ya ci bashin taki don noman auduga ya kamata ya tsaya ya duba waɗannan alƙaluma.

Abin da ya fi halaka su shi ne feshi a lokacin da bai dace ba. Furen kabewa yana buɗewa da asuba ya rufe kafin azahar, kuma ƙudan sun fi aiki daga fitowar rana zuwa hantsi, wato daidai lokacin da yawancinmu muke goya tankin feshi. In feshin ya zama dole, a bari sai gab da magariba, a kiyaye ma'aunin da aka rubuta a jikin kwalba, kuma a guji wanke tanki ana zubar da ruwan a gefen gona, domin nan ne ramukan suke. Wasu magungunan suna shiga jikin shuka har su kai ga garin fure, shi ya sa Tarayyar Turai ta hana amfani da imidacloprid da wasu guda 2 na danginsa a filin gona tun 2018. Maganin ciyawa ma yana da nasa ɓarnar, domin yana share furannin daji da ƙudan ke rayuwa a kansu kafin amfanin gona ya yi huda. Garma mai nitsewa sosai tana rushe ɗakunan ƙwai, saboda haka a bar ɗan zirin ƙasa a kan iyakar gona, ko da faɗin taku 2 ne, wanda ba a huɗa ba a fesawa, ba a kuma cinna masa wuta.

Game da tsoron harbi, namiji ba shi da ƙari sam, mace kuma ba ta da zuma ko runduna da za ta kare, don haka ba ta bin mutum kamar rina ko zirnaƙo. Sai an damƙe ta ko an taka ta da ƙafa ba takalmi take harbi, kuma zafin bai cika kai na ƙudan amya ba. A wanke wurin da ruwa da sabulu, a ɗora tsumma mai sanyi. Amma idan fuska ko leɓe suka kumbura, ko numfashi ya fara sarƙewa, ko jiri ya kama mutum, a garzaya da shi asibiti mafi kusa nan take, yaro ne ko babba.