Kufai daban, ɓaraguzai daban

Tun da 'yan bindiga suka matsa wa gabashin Sakkwato, kalmar kufai ta shiga bakin kowa. A rediyo sai ka ji an ce gini ya rufta, "an zaƙulo mutane daga kufai". Ɗan siyasa kuma ya riƙe lasifika ya ce ƙauyukan Isa da Sabon Birni sun zama kufai. Duka biyun suna ƙona mini rai.

Na rediyon kuskure ne kawai. Abin da ke danne mutum in gini ya faɗi, tubali da azara da kwanon rufi, sunansa ɓaraguzai, irin waɗanda aka yi ta tonawa a Turkiyya bayan girgizar ƙasar 2023. In bango na tsaye, rufi babu, mutane babu, wannan kango ne.

Kufai kuwa wurin da gari ya taɓa zama ne, mutanensa suka watse ba su sake dawowa ba. Ba dole a ga ko tubali guda ba. Wani lokaci tudu ne kawai da tsofaffin kukoki, sai rijiyar da ta cike da ƙasa, manomi na huɗa garmarsa tana turo tsingaro. Surame, birnin Kanta Sarkin Kabi, can wajen Binji, har yau ganuwarta ta dutse na nan, amma kufai ce. Haka Alƙalawa, fadar Gobir da ta faɗi a 1808.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Satiru, nan kudu da birnin Sakkwato. A Fabrairun 1906 mutanen garin suka yi wa Turawa bore, suka kashe jami'ansu. A watan Maris aka koma musu da manyan bindigogi, aka kashe mutum kusan 2,000, aka baje garin, Sarkin Musulmi na lokacin ya la'anci wanda duk zai sake gini a wurin. Rusawar ta ɗan lokaci ce. Hana komawar ita ta mai da Satiru kufai.

To, ranka ya daɗe mai lasifika, mutanen ƙauyukan nan suna raye. Wasu na rakuɓe gidajen 'yan uwa a cikin gari, wasu sun ƙetara Nijar, kuma da damina ta faɗi akwai masu saɗaɗawa su je su yi shuka su dawo kafin la'asar. Kiran garinsu kufai tamkar yi masa sallar gawa ne mai shi na numfashi, kuma a bakin wanda aka zaɓa don ya mai da su gida ya fi muni.