Ba kullum ne laifin diskin ba

Wallahi abin nan yana damuna, mutum ya haɗa diskin kwamfuta huɗu a gida ya yi RAID, wato su yi aiki tare kamar diski ɗaya, ɗaya ya fita daga layi sai ya ruga kasuwa ya sayo sabo, bayan sati uku sabon ma ya fita, sai ka ji yana cewa ai diskokin yanzu duk jabu ne. Ɗan'uwa tsaya tukuna, in dai a rami ɗaya na saka diski abin ke ta maimaituwa to ramin za ka tuhuma.

Buɗe SMART, wato rahoton lafiyar da diski ke ajiyewa game da kansa, ka duba. Lamba 5 da 197 in suna hawa, toh diskin ne da kansa ke lalacewa. Amma in 199 ce ke ƙaruwa wannan yawanci kebul ɗin SATA ne, wato wayar da ke kai bayanai tsakanin diski da kwamfuta, ko bakin da aka soka shi, bayanai ne ke gurɓata a hanya, canza kebul kawai ka ga.

Sai wuta, wadda mutane suka fi rainawa. Babban diski yana iya jan kusan amfiya 2 a layin bolt 12 lokacin tashi, kaga in guda shida suka tashi tare a kan tsohon fawa saflai dole wani ya faɗi, balle a inda ake ɗauke wuta ana kawowa kuma babu UPS mai riƙe wuta da batir. Ga zafi, ga ƙura ta toshe fanka.

Akwai kuma diskin SMR, mai jera layukan bayanai gefen wani kan wani, a 2020 aka gano shi cikin wasu diskokin WD Red na kamfanin Western Digital, na 2TB zuwa 6TB, lafiyarsa ƙalau amma wajen sake gina RAID yana nawa har na'urar ta ɗauka ya mutu ta fitar da shi.