Firgicin da Ke Zuwa Ba Sallama

Sau da yawa a bakin aiki a asibiti nakan karɓi matashi da aka kawo a rikice, hannu dafe da ƙirji, zufa na tsattsafo masa a goshi, yana rantsuwa cewa numfashinsa zai ɗauke. Mu auna jini, mu saurari zuciya, mu duba huhu, mu tarar komai lafiya lau. Kafin a gama rubuta masa kati abin ya lafa, kunya ta maye gurbin tsoro, 'yan rakiya kuma su fara cewa raki ne ya yi masa yawa. Wannan magana tana min ciwo, domin abin da yaron ya ji a jikinsa gaskiya ne.

A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe mai suna amigdala wanda aikinsa gadi ne. Da zarar ya hango haɗari sai jiki ya saki sinadarin adirenalin, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya yi sama-sama, tsokoki su ɗaure domin gudu ko kare kai. A wajen mai fama da firgici, mai gadin nan yakan yi kururuwa alhali babu ɓarawo. Saurin numfashi yana rage iskar kabon dayoksaid a cikin jini fiye da kima, shi ya sa jiri ke ɗibar mutum, yatsu da leɓɓa su riƙa yi kamar ana tsira musu allura. Mutum ya ɗauka ajali ne ya zo, tsoron ya ƙaru, alamomin su ƙara tsananta. Galibi abin yakan kai ƙololuwa cikin minti 10, ya sauka kafin rabin awa, kuma shi kansa firgicin ba ya kisa.

Ƙannena, ba ku kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da cututtukan fargaba, waɗanda ciwon firgici na cikinsu, miliyan 58 daga cikinsu yara ne da matasa, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kacal ke samun magani.

Idan abin ya taso, ka zauna ka dafa cikinka, ka ja numfashi ta hanci kana ƙirga huɗu, ka sake shi a hankali ta baki kana ƙirga shida, domin tsawaita fitar da numfashi ke sanyaya jiki. Ka mai da hankalinka waje: ka ambaci abubuwa biyar da idonka ke gani, ka ji taurin ƙasa a tafin ƙafarka, ka tuna wa kanka cewa ka taɓa shiga wannan hali ka fita.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ke biyo baya. Wanda firgici ya kama a aji sai ya daina zuwa aji, wadda ya kama a cikin mota sai ta daina shiga mota, a hankali duniyarsu ta tsuke har ta koma ɗaki ɗaya. Duk gudun da aka yi yana kawo sauƙi na ɗan lokaci, amma yana tabbatar wa ƙwaƙwalwa cewa lallai wurin akwai haɗari. Saboda haka nake roƙon marasa lafiyata su koma wurin da suke tsoro sannu a hankali, ko da minti biyar ne a ranar farko tare da wanda suka amince da shi, gobe su ƙara. A kan wannan aka gina maganin tattaunawa na gyaran tunani da ɗabi'a, wanda yana cikin hanyoyin da aka fi tabbatar da amfaninsu.

Ƙarancin barci, yawan shan kofi da lemukan ƙara kuzari, da tabar wiwi duk suna rura wutar fargaba. Kada ka sayi diyazefam, wato ƙwayar kwantar da hankali, da kanka, domin jiki yana saurin sabawa da shi har ya kasa rabuwa. Magungunan da likita ke rubutawa na dogon lokaci sukan ɗauki makonni huɗu zuwa shida kafin a ga aikinsu, don haka kada a yanke ƙauna a makon farko.

Ka je asibiti idan wannan ne karo na farko, domin asma, ƙarancin jini ko matsalar maƙoƙo na iya yin kama da firgici. Ka hanzarta idan ciwon ƙirji ya ƙi lafawa, ko ka suma, ko tunanin cutar da kanka ya fara zuwa maka. Ku kuma iyaye da abokai, idan firgici ya kama wani a gabanku, ku rage taro a kansa, mutum ɗaya ya zauna kusa da shi, ya yi magana ƙasa-ƙasa, ya riƙa numfashi tare da shi har jikinsa ya saki.