Wane hex editor (manhajar da ke nuna maka bytes ɗin fayil ko disk har ka gyara su) ne zai buɗe disk kai tsaye daga terminal, wato allon buga umarni?

Me ma zai sa mutum ya taɓa cikin disk da hannu?

Masu gyaran kwamfuta a PZ da Samaru sun san wannan matsalar, ɗalibi zai zo da flash ko hard disk project ɗinsa na ciki, kwamfuta na ta cewa a yi format, alhali sau da yawa fayilolin na nan lafiya lau, 'yan bytes ne kawai suka lalace a farkon disk ɗin. Wani lokacin kuma injin ba ya ma kai ka desktop, baƙin allo kaɗai gare ka.

To wanne zan saka?

Ni dai hexedit nake ba kowa shawara. A Ubuntu ko Debian ka buga sudo apt install hexedit, sai sudo hexedit -s /dev/sdb, a wurin /dev/sdb ka sa sunan disk ɗin da kake son buɗewa. Abin da ya sa nake sonsa, ba ya kwashe disk ɗin duka ya zuba a RAM, inda kake kallo kawai yake karantawa, ko 1TB ne nan take zai buɗe. Wannan -s ɗin shi ke nuna maka sector sector, wato ƙananan yankunan da disk ke rabe a kai. Tab na kai ka tsakanin hex (lambobin bytes ɗin) da rubutu, Enter na tambayarka inda za ka je, F2 ya adana, Ctrl-C ya fita ba tare da ya rubuta komai ba.

Vim (editan rubutu) da xxd (mai juya fayil zuwa hex) fa?

Sun yi wa ƙaramin fayil, amma vim sai ya loda komai tukuna, bai dace da disk guda ba.

In na buɗe me zan duba?

In disk ɗin MBR ne, wato tsohon tsarin rarraba disk, ka duba bytes 512 na farko. Teburin partition na farawa a byte na 446, gida huɗu kowanne bytes 16, bytes biyun ƙarshe na 512 ɗin kuma dole su zama 55 AA. In ko ka ga EFI PART a sector na gaba to GPT ne, sabon tsarin, shi akwai CRC32 a jikinsa, wani lissafi da ke gano in an taɓa bayanan, ka canza byte ɗaya lissafin ya rushe, gara ka bar wa manhajojin gyaran partition irin su gdisk ko testdisk.

Ina hatsarin yake?

Da ka danna F2 shikenan ya hau disk. Don Allah ka fara buga lsblk ya jero maka disk ɗin da ke haɗe, ka tabbatar da sunan, sdb ɗin jiya na iya zama sdc yau, ka yi umount don kwamfutar ta daina amfani da shi, sannan ka kwafi farkon da sudo dd if=/dev/sdb of=ajiya.bin bs=512 count=2048 ka ajiye a wani disk daban. In kayan mutane ne ma ka kwafe shi gaba ɗaya ka yi aikin a kan kwafin, kuma in desktop ce kar ka fara babu UPS, ka san halin wutarmu.