City Varieties: Gidan Wasan Leeds Da Ya Ƙi Mutuwa

Ina ne yake, kuma wa ya gina shi?

A birnin Leeds yake, arewacin Ingila, garin masaƙu da ɗinkin tufafi. Yana maƙale a wani lungu da ake kira Swan Street, daura da titin kasuwa na Briggate. In ba a nuna maka ba, sai ka wuce shi. Charles Thornton, mai mashayar White Swan, shi ya buɗe shi a 1865, zamanin Sarauniya Biktoriya. Lissafin ɗan kasuwa ne kawai: ma'aikatan masaƙa sun tashi aiki a gajiye, albashi na aljihu, to a ba su waƙa da dariya su daɗe a zaune suna kashewa.

Ba gidan wasan kwaikwayo ba ne ke nan?

Da bambanci, shi zauren waƙa ne. Bayan dokar gidajen wasa ta 1843, gidan da ke da lasisin nuna cikakken wasan kwaikwayo daban, zauren waƙa daban. A zauren waƙa ana sha, ana busa taba, ana yi wa mawaƙi amshi. Mai barkwanci ya sauka, mai rufa-ido ya hau, sai 'yan rawa. Wanda bai burge ba kuwa, ihu zai kore shi tun bai gama ba.

Su wa suka taka dandalinsa?

Charlie Chaplin tun yana yaro cikin ayarin 'yan rawa, da Harry Houdini, gwanin kuɓuta daga sarƙa da ankwa.

Ya aka yi bai rushe kamar sauran ba?

Abin mamakin ke nan. Silima da talabijin ne suka kwashe 'yan kallo, zaure bayan zaure aka rufe ko aka rushe. Shi kuwa talabijin ɗin ce ta cece shi. Daga 1953 har 1983, BBC ta riƙa ɗaukar shirin The Good Old Days a cikinsa, 'yan kallo na zuwa da shigar kakanninsu, mata da manyan huluna, maza da gashin bakin roba. Shekara 30 cur Birtaniya na kallon barandarsa daga falo, wa zai yarda a sa mata guduma?

Yanzu fa?

An rufe shi a 2009 don gyara, aka sake buɗewa a 2011. Kujerunsa ba su kai 500 ba, kuma har yau ana wasa.