Me ake nufi da "gida a ƙarƙashin ruwa" a Holan?

Wanda ya ji an ce gidan wani a Holan yana ƙarƙashin ruwa zai ɗauka ambaliya ce, tunda kusan rubu'in ƙasar teku ta fi shi tudu. To, ba ruwan teku ake nufi ba. Da harshensu suna cewa "onder water", ma'ana bashin da mutum ya ci a banki don sayen gida ya fi kuɗin da gidan zai yi in an sa shi a kasuwa yau.

A ce ma'aurata sun sayi gida yuro 250,000 a 2008. A lokacin banki kan ba da fiye da kuɗin gidan, har da na haraji da gyara, sai suka karɓi 265,000. Rikicin kuɗi na duniya ya iso, farashi ya yi ta gangarowa, zuwa 2013 ya faɗi da kusan kashi 20 cikin 100. Gida ya koma 200,000, bashi kuwa yana nan daram, domin da yawa kuɗin ruwa kawai suke biya duk wata, uwar kuɗin ba a taɓa ta. Gwamnati ma ta ƙarfafa hakan, tunda ana cire kuɗin ruwan daga albashi kafin a yanka masa haraji.

Ciwon yana nan: muddin suna biya, ba mai korarsu. Amma ran da aure ya mutu, ko aiki ya ƙare, ko aka samu wani aikin a wani gari, sai su tarar ba halin sayarwa. In sun sayar, cikon 65,000 ɗin na wuyansu, domin a Holan miƙa wa banki mabuɗi ba ya wanke mutum daga bashi. Magidanta fiye da miliyan ɗaya ne suka shiga wannan hali, kuma matasan da suka sayi gidansu na farko ne suka fi jin jiki. Wannan ne ya fi taɓa ni, don ba ganganci suka yi ba, abin da kowa ke yi suka yi.

Birane ma sun ɗanɗana. Ƙananan hukumomi irin su Apeldoorn sun sayi filaye da niyyar sayar wa magina, sai masu saye suka ɓace, aka tafka asara. A 2013 gwamnati ta karɓe bankin SNS Reaal saboda basukan gine-gine. Gini ya ja baya sosai, magina da yawa suka bar sana'ar.

Daga 2013 aka tsaurara doka: mai son rangwamen haraji a sabon bashi sai ya biya shi duka cikin shekara 30, kuma daga 2018 banki ba ya ba da fiye da darajar gidan. Farashi ya farfaɗo har ya zarce na da nesa ba kusa ba. Gidajen da ba a gina ba a shekarun nan kuwa, suna cikin dalilan da suka sa yau ake maganar ƙarancin gidaje kusan 400,000 a ƙasar.