Tambayoyi biyar kan koyar da injiniyancin muhalli a jami'a

Me ake koya wa ɗalibi a kwas ɗin farko na injiniyancin muhalli?

A wasu jami'o'i, kamar ta Ahmadu Bello da ke Zariya, akwai sashe sukutum na albarkatun ruwa da injiniyancin muhalli. A wasu kuma kwas ne da ɗaliban injiniyancin gine-gine ko na sinadarai ke ɗauka. Ko ta ina aka shigo, abubuwan da ake taɓawa su ne ruwan sha, ruwan datti, gurɓatar iska da shara. Amma ni a ganina, abin da ya kamata malami ya kafa tun makon farko shi ne lissafin shiga da fita: duk abin da ya shiga kogi ko tanki, ko dai ya fita, ko ya taru a ciki, ko ya rikiɗe ya koma wani abu. A ɗauka kogi na gudu da lita 9 na ruwa mai tsabta, masana'anta ta zuba masa lita 1 mai ɗauke da miligiram 500 na guba. Bayan sun gauraya, kowace lita tana da miligiram 50. Gubar tana nan daram, yaɗuwa kawai ta yi. Ɗalibin da ya riƙe wannan ba zai yarda an ce masa an tace ruwa ba sai ya tambayi inda aka kai dagwalon da aka cire.

Me ya sa ake yawan nanata gwajin BOD?

Domin BOD, wato yawan iskar oksijin da ake buƙata wajen ruɓar da dattin ruwa, shi ne ke nuna yadda ƙazanta ke kashe kogi. Ana cika kwalba da ruwan da ake son gwadawa, a toshe ta, a ajiye a duhu a ma'aunin zafi digiri 20 na Celsius na tsawon kwana 5, sannan a auna yawan iskar oksijin da ƙwayoyin bakteriya suka cinye wajen ruɓar da dattin. Idan suka ci da yawa, to a cikin kogi kifi ne zai rasa ta shaƙa. Masana biyu, Streeter da Phelps, sun fitar da lissafin wannan a 1925 daga binciken kogin Ohio na Amurka, kuma har yau ana koyar da shi. Abin da ya kamata malami a nan ya ƙara shi ne batun zafi: a ma'auni 20 lita ɗaya ta ruwa na riƙe kusan miligiram 9 na oksijin, a ma'auni 30 kuwa bai kai 8 ba, ga kuma bakteriya sun fi saurin aiki. Da rani kuma ruwan kogin ya ja baya, babu abin da zai sirka dattin.

Littattafan duk na ƙasashen waje ne. Da waɗanne misalai za a koyar?

Ƙa'idojin da ke cikinsu ingantattu ne, misalan ne suka yi wa ɗalibanmu nisa. Babu darasin da ya kai na Zamfara. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, inda ake daka da niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Ƙurar ta sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki, kuma yara fiye da 400 suka rasu. A wannan labarin kaɗai ɗalibi zai ga tushen guba, hanyar da ta bi, da wanda ta fi kamawa. Zai kuma ga matsayin injiniya. Likitocin ƙungiyar agajin lafiya ta MSF na da maganin da ke fitar da dalma daga jiki, amma ba shi da amfani idan yaro zai koma gidan da ƙasarsa ke cike da gubar. Sai da aka kankare ƙasar saman gidaje, aka binne ta a ramuka na musamman, aka zuba sabuwa. Garin Bagega bai samu wannan aikin ba sai 2013. Ina ganin bai dace ɗalibi ya gama wannan kwas a arewa bai zauna ya lissafa tifa nawa ta ƙasa za a kwashe daga gida guda ba.

Ga kuma masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa da Bompai a Kano, waɗanda ruwansu ke ɗauke da sinadarin kuromiyam, alhali akwai masu noman rani a gaɓar kogunan da ruwan ke gangarawa. Wajen bayanin doka kuwa sai a fara da Koko, garin da ke jihar Delta a yau: a 1988 aka gano gangunan guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin, a shekarar aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA, a 1992 aka yi dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli, a 2007 aka kafa NESREA, hukumar tilasta bin dokokin muhalli.

Idan ɗakin gwaji ba shi da kayan aiki fa?

Wannan matsala ce ta gaske, amma ba hujja ba ce ta ƙare zango a kan allo. Kwalabe shida, ruwan rafi mai laka da alam sun isa a gwada adadin da ya fi kwantar da laka. Ɗalibai za su ga da idonsu cewa ƙara alam fiye da kima ɓarna ce. Za a iya auna sharar ɗakin kwanan ɗalibai na mako guda a rarraba ta, leda daban, ragowar abinci daban. Za a iya shiga unguwa da tef a auna tazarar rijiya da masai. Ziyara ɗaya zuwa matatar ruwa irin ta Tamburawa da ke Kano tana sa zanen littafi ya zauna a kai.

Wane kuskure ɗalibai suka fi yi wajen zane?

Zaɓar na'urar da ta fi burgewa. Matatar ruwan datti mai injin hura iska tana aiki da kyau, amma da zarar wuta ta ɗauke na tsawon lokaci, bakteriyar da ke aikin sai su fara mutuwa. Tafkunan tacewa kuwa rana da gansakuka da bakteriya ne ke yi musu aiki, kuma zafin ƙasarmu taimaka musu yake yi. Abin da suke ci shi ne fili mai faɗi da kwashe dagwalo bayan wasu shekaru. Saboda haka a tambayar jarrabawa a riƙa haɗa wa ɗalibi da awannin da garin ke samun wuta, da kuɗin gyara, da wanda zai kula da wurin, sannan a ce ya zaɓa ya kare zaɓinsa da lissafi.